Roƙon Ɗaga Ƙafa Ranar Alhamis, Saboda Motar Baba

Zuwa ga Mai Girma Sanyin Asuba,
Babban jami'i mai kula da bakin kogin Shari,
Reshen Sabangali, N'Djamena.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ka sauka lafiya. Mun ga zuwanka bana, mun kuma ji shi har cikin ƙashi. Wata goma muka yi muna gasuwa a garin nan muna roƙon ka leƙo, don haka ba zan yi maka butulci ba. Magana ɗaya ce ta kawo ni: ranar Alhamis mahaifiyata, Inna Halimatu Sa'adiya, za ta tafi Umara, ana son ta a filin jirgi ƙarfe shida na safe, motar da za ta kai ta kuwa tun da ka iso ba ta tashi sai rana ta ɗaga.

Ga ƙorafina cikin ladabi.

Na ɗaya. Motar nan tsohuwa ce mai shan gazuwal, wato man dizal, gadon marigayi Baba. Da zafi, kafin in gama bisimilla ta kama. Yanzu idan na murɗa makulli sai ta yi tari biyu, ta yi nishi, ta yi shiru kamar na tambaye ta abin da bai shafe ni ba. Ranka ya daɗe, me kake faɗa mata kafin in fito?

Na biyu. Maƙwabtana sun daina bi ta ƙofar gidana bayan sallar asuba, don sun san turi ke jiransu. Har ladan ya gano wata hanya ta bayan masallaci. Zumuncin shekara talatin ka wargaza cikin mako uku.

Na uku, kuma nan ne ka fi ci mini mutunci. Salmanu bakanike ya zo daga unguwar Abena ba na nan, ya duba, ya bar saƙo cewa ba abin da zai ɗumama injin sai buji huɗu sababbi. Matata Hanatu, wadda bara ta zo daga Katsina, buje ta ji. Ba ta yi gardama ba, ta ce dama ta san sanyi ke damun motar. Na dawo na tarar da buje huɗu na atamfa an lulluɓe gaban mota da su, har da mai aljihu. Inna ta yi mata dariya son ranta, ta ce a Faransancin garin nan buji kyandir ne. Washegari na fito na iske kyandir huɗu na ci a ƙarƙashin injin, Inna na zaune a kujera tana tsaronsu. Allah ne ya tsare, da yanzu wasiƙar ta'aziyya nake rubutawa. Daga baya Salmanu ya ɗaura buji na gaskiya, ƙarafunan da ke zafafa injin. An samu ci gaba, ba zan ɓoye ba: a da sai tara, yanzu takwas da rabi take tashi.

Na huɗu. Na san za ka ce in ɗauki taksi. Kai ka faɗa wa Inna. Ta ce motar mijinta ce za ta kai ta, domin shekara ashirin yana cewa shi zai sauke ta a filin jirgi da hannunsa, Allah bai nufa ba.

Wataƙila ba ka san gidanmu ba. Mahaifin Inna ya taso daga Kano da ƙafa zai je Makka, ya tsaya a bakin kogin nan ya ɗan huta. Hutun nan yau shekara tamanin ke nan. A nan ya yi aure, a nan aka binne shi. Mu zuri'a ce da ba a yi mana wasa da tsayawa a hanya, kai kuma ka zo kana koya wa motarmu halin gidan.

Ban ce ka bar gari ba. Masu shayi na samun ciniki, masu sayar da bargo na yi maka addu'a. Roƙona ɗaya ne: ranar Alhamis ka makara. Ma'aikata nawa ne suke makara a garin nan ba a ce musu komai ba? Ka zo ƙarfe bakwai, ka zauna har azahar idan ka ga dama, ni da kaina zan fito ba riga in tarbe ka.

Tsoro nake ji, ranka ya daɗe, ba zan yi maka ƙarya ba. Shekarun Inna saba'in da huɗu. Jiya na ce mata ta kwantar da hankalinta, zan kai ta. Ta dafa kaina ta sa mini albarka, irin wadda ake sa wa wanda ya riga ya cika alkawari. Albarkar ta riga ta fito, ni kuwa ban kai ta ko bakin titi ba tukuna.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara maka girma, ya kuma nauyaya maka barci ranar Alhamis.

Naka mai biyayya, daga cikin bargo,
Uzairu Abdulgani,
Mai shagon yadi, Sabangali.