Shayin Dakta Filas

Ba a raba ilimi daidai a duniya ba, mu kam shaida ne, domin kason ɗakin ɗinkinmu gaba ɗaya mutum guda aka danƙa wa. Shi ne mai kula da mu, mu mata ashirin da huɗu masu ɗinka kayan 'yan makaranta a hawa na biyu. Wasu bayin Allah sai sun shekara bakwai suna fama kafin a kira su likita. Namu kwana biyu kacal ya yi a wani horo na taimakon gaggawa, rabin rana ta biyun ma a ɗaukar hoto ta tafi. Ya dawo da satifiket a cikin gilashi, da farin akwatin magani, da makullin akwatin a aljihun gaban rigarsa. Tun daga ranar in ba ka ce Dakta ba, ba ya waiwayowa. Mu muka ƙara masa da Filas, saboda wani jibgegen filas ɗin shayi da yake runguma kamar ɗan fari.

Lafiya kuwa a jikinsa ta tare. Komai zafi yana cikin kwat, tafin hannunsa sanyi ƙalau, ya ce jinin manya ba ya garaje. Matakalar benenmu goma sha takwas ce, sai ya tsaya sau biyu yana haki, riƙe da ƙarfen gefe, ya ce duba ingancin gini yake yi. Yana buɗe firjin ofis ya ɗebi ƙanƙara yana gurgura ƙurus-ƙurus, wai motsa haƙora. Abincinsa shayi kofi tara a wuni, da biskit.

"Nama da wake na masu aiki da gaɓoɓi ne," in ji shi. "Mai aiki da ƙwaƙwalwa abu mara nauyi yake buƙata, don tunani ya samu wurin juyawa."

Wurin juyawa kam tunanin ya samu, fili fetal.

A cikinmu akwai Mai Maɓalli. Ita ke kan keken da ke dasa maɓallai, a can ƙarshen layi. 'Ya'yanta uku, kuma ita ce riƙe da gidan. Tun haihuwar autanta ba ta koma daidai ba. Ta yi fari fat, gashinta na bin mataji, in ta miƙe tsaye sai ta dafa tebur har jiri ya wuce. Wata safiya ta kife a kan keke da rigar wani yaro a hannu. A asibiti aka auna ta aka ce ƙarancin jini ne, sinadarin ƙarfe ya yi ƙasa sosai, bitamin ma sun ja baya. Aka ba ta jar ƙwaya, aka rubuta mata dalla-dalla a takarda: ta sha da ruwa ko da lemon zaƙi, ta nisanta ta da shayi da madara na awa biyu, ta riƙa cin hanta da wake da ganye, ta ɗan sha rana.

Dokar mai kamfani kuma a bayyane take. Wadda ta yi wata uku ba ta cika adadin aikinta ba, an sallame ta. Rahoton mai kula da ma'aikata shi ke yanke hukunci. Wato abincin yara uku yana bakin alƙalamin Dakta Filas.

Ranar da ta dawo ya tara mu, ya sa aka kashe kekuna. Ya karanta takardar asibitin yana ɗaga gira, kamar malamin da ke duba aikin daƙiƙin ɗalibi.

"Abokin aikina na asibiti ya yi ƙoƙari," ya ce. "Yaro ne, zai koya. Daga yau duk maganin da ya shigo wannan gini yana ƙarƙashin ikona. Za a ajiye shi a akwati. Ni zan bayar da hannuna, goma na safe, tare da shayi mai kauri da madara, domin ƙwaya baƙuwa ce a ciki, kuma ba a karɓar baƙo da ruwa zalla."

Mai Maɓalli ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ranka ya daɗe, ai an rubuta ban da shayi."

"An rubuta ban da shayi," ya maimaita yana murmushin tausayi. "Shayin gari ake nufi. Shin wanda ya rubuta ya taɓa ɗanɗana nawa?"

Ta koma kan kekenta. Mu ma muka koma namu, don gaskiya bai taɓa ɗanɗanawa ba.

Haka aka fara bikin goma na safe. Dakta zai fito daga ofis da filas a hammata, ya ciro makulli, ya buɗe akwati a hankali kamar mai buɗe taskar gwamnati. Ya ɗora ƙwaya ɗaya a faranti. Ya tsiyaya shayi baƙi ƙirin, ya kwarara madara, ya tsaya a kanta har ta shanye. Sannan ya duba agogo ya rubuta lokaci a littafi, har da sakan.

Bai tsaya nan ba, mutum mai hazaƙa ba ya tsayawa. Ya ji an ce sinadarin ƙarfe, sai ya ɓamɓaro maganaɗisun da ke manne a ƙofar firji, wani mai siffar ayaba, ya mayar da shi na'urar gwaji. Kullum bayan shayi sai ya manna mata ayabar a goshi ya saki. Ta faɗo. Ya girgiza kai ya rubuta. Sai ya manna a ƙirjinsa, daidai aljihun gaba, ta kama ɗam.

"Kun gani? Haka jinin lafiyayye yake."

Mu ashirin da huɗu, babu wadda ba ta san abin da ke cikin aljihun nan ba. Babu kuma wadda ba ta da yara.

Ya sa aka ɗauke kekenta aka kai jikin ƙofar ƙarfe ta baya, don jikinta ya riƙa zuƙar ƙarfen. Ya ce ta riƙa jingina da ita lokacin hutu. Da aka tuna masa batun rana, sai ya ce tagogi ba za su buɗu ba, hasken yana koɗar da satifiket ɗinsa. Maimakon haka ya samo tsohuwar kalanda mai hoton fitowar rana a bakin teku, ya rataye mata a gabanta, ya ce ta kalla minti goma sha biyar, kada ta wuce haka don gudun ƙuna.

Bayan sati shida ta koma asibiti. Jinin yana nan inda aka bar shi, ko motsi bai yi ba. Kwandon aikinta kullum rabi. Dakta Filas ya karɓi sakamakon da baƙin ciki irin na wanda aka ci amanarsa.

"Na ba ki ƙwaya. Na ba ki shayina. Na ba ki ƙofa, na ba ki rana. Me kuma ya rage? Akwai marasa lafiyar da ke ƙin warkewa don su kunyata likita. Saura sati shida, zan rubuta abin da na gani."

Ya rubuta a fayil ɗinta, muna kallo: *Ta ƙi ba magani haɗin kai.*

A ranar, lokacin hutu, ta zauna jikin ƙofarta tana share hawaye da ƙyallen yadi. Inna Mai Almakashi, wadda ke yanka mana yadi tun kafin a haifi rabinmu, ta ja kujera ta zauna kusa da ita.

"Ke 'yar nan, yi mini shiru. Kukan ma jini yake ci."

"Inna, in na ƙi sha ya rubuta ni. In na sha ba ya aiki."

"To wa ya ce ki ƙi? Ki sha masa shayinsa, ai ba guba ba ne, hauka ne kawai. Shekararki nawa kina ɗaukar maɓalli da yatsa biyu ba ki duba ba?"

"Tara."

"Shekara tara, ki kasa ɓatar da ƙwaya ɗaya a gaban mutumin da ke kallon agogo?"

Washegari aka yi biki kamar kullum. Mai Maɓalli ta ɗauki ƙwaya, ta kai hannu baki, ta kurɓi shayi, ta haɗiye da ƙarfi har maƙogwaro ya motsa. Ƙwayar kuwa tana cikin gwangwanin jajayen maɓallai, ta saje da 'yan uwanta. Da rana ta take, awa uku bayan shayi, ta tsince ta ta sha da lemon zaƙi a bayan gini, inda rana ta gaske ke duka. Muka raba kwanaki a tsakaninmu ba tare da an yi taro ba. Yau wata ta zo da hanta, gobe wata da wake da ganye, jibi dafaffen ƙwai. Inna ce ke tsaron matakala, in ta ji hakin Dakta a tsayawar farko, mun san muna da sauran minti huɗu.

Ba dare ɗaya ta miƙe ba. Ƙwayar ta ɗaure mata ciki kwanaki, ta yi mita, ta ci gaba. A sati na uku ta daina dafa tebur. A na huɗu muka ji tana zagin zaren da ya tsinke, muka san rai ya dawo. A na biyar kwandonta ya cika har ya zuba. Da ta kawo sabon sakamako daga asibiti, Dakta Filas ya riƙe takardar da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa.

Ayabar dai har yanzu faɗowa take yi daga goshinta, amma ya ce yanzu a hankali take faɗowa.

Ya rubuta rahoto shafi huɗu. Layi biyu a kan Mai Maɓalli, cewa ta warke sarai kuma ta fi kowa aiki. Sauran a kan abin da ya kira Tsarin Shayi da Maganaɗisu. Ya sa hannu, ya buga hatimi, ya aika wa mai kamfani, mai kamfani ya sa nasa hannun. Inna ta tabbatar da haka da idonta kafin ta bar kowa ya yi dariya.

Nasara irin wannan ba a ɓoye ta. Dakta ya gayyato masu karɓar gudummawar jini su zo har ɗakin ɗinki, don duniya ta ga ma'aikatan da ya gina. Aka ture kekuna gefe, aka kafa gado. Mai kamfani ya zo ya zauna a gaba. Dakta ya yi jawabi na minti arba'in, ya tsaya sau uku yana haki, wai don maganar ta ratsa masu sauraro.

"Ni zan fara," ya ce a ƙarshe, yana naɗe hannun kwat. "Ku kawo babbar leda. Jinina kada a ba mutum ɗaya, zai yi masa yawa. A raba wa uku."

Nas ɗin wata gajeriyar mace ce da ba ta da lokacin kowa. Ta kama hannunsa, ta dube shi.

"Malam, kullum hannunka haka yake da sanyi?"

"Dakta," ya gyara mata.

Ta ja fatar idonsa ƙasa ta leƙa. Ta soki yatsansa, ta ɗiga a 'yar na'urarta, ta jira. Ta sake sokar wani yatsan.

"Kana haki in ka hau bene? Kana jin sha'awar cin ƙanƙara?"

Can a baya wata ta shaƙe da dariya, ta mayar da ita tari.

"Ba za mu ɗauki jininka ba," in ji nas. "Wanda ke jikinka ma bai ishe ka ba. Yau ɗin nan ka je asibiti a binciki dalili, ba abin wasa ba ne. Da ƙafa ka zo?"

Dakta Filas ya miƙe, ya dafa tebur har jiri ya wuce. Ya ce na'urar ta lalace, kuma yana da hujja. Ya zaro ayaba ya manna a ƙirji. Ta kama ɗam. Ya juya yana nuna wa mai kamfani.

"Mene ne a aljihun?" in ji nas.

Da ƙyar ya ciro makullin ya ajiye a tebur. Ya sake manna ayabar, ya danna da yatsa biyu, ya riƙe numfashi, ya saki. Ta faɗo, ta buga gefen tebur, ta tafi ta manne a jikin filas.

Asibiti sun ba shi jar ƙwaya irin tata sak, da takarda irin tata. Mai kamfani ya ce tunda dokar akwati Dakta ne ya kafa ta, ba za a karya ba, sai dai mara lafiya ba ya riƙe makulli. Aka tambayi wa ya san yadda ake shan maganin nan. Hannu ashirin da uku suka nuna ƙarshen layi.

Yanzu kullum goma na safe Mai Maɓalli ke buɗe akwati. Ta ɗora masa ƙwaya a faranti da kofin ruwa da rabin lemon zaƙi, ta tsaya a kansa. In ya haɗiye sai ta ce, cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, buɗe tafin hannun in gani." Sannan ta ɗauki filas ta saka a akwati ta kulle, sai sha biyu.

Ya roƙa a mayar masa da kujerarsa jikin ƙofar ƙarfe. Mun kai masa, har da kalandar.