Ranar Da Na Kai Kwamfuta Ƙara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na naɗe kwamfutar makarantarmu a zanin atamfa na ɗora ta a Keke Napep ba. Ƙara zan kai, ita ce shaidata.

Ni ban shiga aji ba sai da na haura arba'in. Na yi yaƙi da jahilci, na yi ajin yamma, na ƙara da wata shida na koyon kwamfuta wajen wani Malam Sani. Da wannan takardar na samu aikin sakatariya a wata ƙaramar firamare mai zaman kanta a Fadaman Mada. Saboda haka idan ana maganar karatu ba na raga wa kowa, da gumina na same shi. Malam Sani kuwa doka ɗaya ya dasa mana a ka: duk akwatin da ya faɗo a allo ba kai ka kira shi ba, cuta ce, ka rufe shi kafin ya cinye maka aiki. Na riƙe dokar nan kamar karatun sallah.

Manhajar da muke buga katin sakamakon yara da ita, wani Injiniya Bitrus ne ya haɗa ta, shi da abokin aikinsa a wani ɗan ofis na ɗaki biyu. Tana da wani hali: in sunan yaro ya yi tsawo sai ta datse shi. Abdurrahman Muhammad Inuwa ya fito Abdurrahman Muhammad In. Sai in bi kati ɗaya bayan ɗaya ina cike ragowar da biro, sakamako ya makara, iyaye su zo su cika ofis. Hajiya mai makarantar ta fara ce min akwai wata 'yar ƙanwarta da ta gama digiri, hannunta da sauri. Na gane inda ta dosa. Na ce mata laifin manhaja ne, kuma zan tabbatar mata a gaban mai ita.

Sai ga takardar gayyata. Injiniya zai tara masu amfani da manhajojinsa, na makarantu da na shagunan magani, ya faɗi shirinsa na sabunta su. Na ce wa Hajiya ta shirya, tare za mu je.

Mun kai mu talatin a zauren. Ya kunna majigi ya yi bayani tiryan-tiryan: daga yanzu gyara zai riƙa zuwa sau ɗaya kowane zango, za a iya kwashe bayanai a ajiye a filash, tsofaffin kwamfutoci kuma zai ci gaba da kula da su shekara guda kafin ya sake su. Ana ta gyaɗa kai. (Ni ban ji rabinsa ba, ina ta maimaita jawabina a zuci.)

Da aka ce tambaya, ban ɗaga hannu ba, miƙewa na yi. Na ce masa kafin ya yi mana alkawarin sabon gini, ya fara toshe yoyon tsohon. Na ce shekara guda ina cike sunayen 'ya'yan mutane da biro saboda sakacinsa, kuma aikina na rawa a kan haka. Har na ce yaran zamani sun iya surutu a gaban majigi amma ba su iya gama aiki ba. Wani mai kemis ya tafa min.

Injiniya bai ɓata rai ba. Ya ce, "Mama, ai wannan na gyara shi tun wata takwas da suka wuce."

Na ce ƙarya dai ba kyau, ga kwamfutar nan na zo da ita. Na kwance zani a gaban jama'a, aka jona ta da majigi, ya haɗa ta da intanet ɗin wayarsa. Manhaja na buɗewa sai ga wani akwati da na saba gani ya faɗo, ƙato a jikin bango. Kafin kowa ya motsa na fizge linzamin kwamfutar na rufe akwatin, na juyo ina huci.

"Ka gani ko? Har cuta take jawo min. Kullum da safe sai na kashe wannan."

Injiniya ya roƙe ni in sake buɗewa, in kuma daure in karanta abin da ke ciki kafin in taɓa komai. Na gyara tabarau, na karanta da ƙarfi, don ni ba na karatu a ɓoye: "Albishir! An gyara matsalar yanke dogayen sunaye. Danna nan don sabuntawa."

Da Hausa fa. Hausa tsantsa. Kuma wa ya sa aka rubuta da Hausar? Ni ce. Bara na tare shi a ofishinmu na yi masa tatas a kan cika mana allo da Turanci, bawan Allah ya koma ya fassara saboda ni. Wata takwas saƙon yana min sallama kowace safiya ina rufe masa ƙofa a fuska.

Ya danna. Ko minti uku ba a yi ba, Abdurrahman Muhammad Inuwa ya fito da sunansa cikakke. Mai kemis ɗin da ya tafa min ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa. Hajiya kuwa ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Abin da ya cece ni, Injiniya ne ya ce na nuna masa ramin da ke cikin shirinsa, don ba ni kaɗai ke rufewa ba (hannaye huɗu suka tashi a hankali, har da na mai kemis). Ya ce duk sabon gyara ni zai fara kawo wa in gwada, wai abin da ya tsallake hannuna zai tsallake na kowa. Har yau ban yanke hukunci ko yabo ne ba.

A Keke, kwamfuta na kan cinyata, Hajiya ta ce 'yar ƙanwar tata sai ta nemi aiki a wani wurin, ni in ci gaba da nawa, amma da sharaɗi: duk abin da ya faɗo a allo in karanta mata shi da ƙarfi, yadda na yi yau.

Sabon akwatin da ya fito zangon da ya biyo baya ba ya rufuwa sai an karanta an amsa. Sakatarorin garin nan suna kiransa akwatin Mama, suna tsine masa. Ni dai na shekara huɗu ina koyon karatu, sai a zauren nan na gane ba iyawar ce kawai ba, sai an tsaya an yi shi. Faɗa kuwa ban daina ba. Sai dai yanzu ina karantawa tukuna.