Maman Yara da Jarrabawar Ƙarin Girma

Jama'a, ku yi haƙuri da ni yau, da ƙafa ɗaya da rabi nake zaune ina rubuto muku wannan. Gwiwata ta hagu tana ɗaure da bandeji, babur ɗina yana wurin bakanike da karyayyen madubi, kuma duk wanda ya zo yi mini sannu ya tambayi abin da ya faru, amsa ɗaya nake ba shi: ci gaban ƙasa ne ya kayar da ni. Wasu su yi dariya, wasu su ce zafin ciwo ne. To ba ƙarya na yi ba, bari ku ji.

Maman yara ma'aikaciyar gwamnati ce. Tun tana buga takardu da tafireta har aka kawo kwamfuta, tana nan a kujera ɗaya, a mataki ɗaya, kusa da wata taga da ba ta rufuwa. Yaran da ta koya wa yadda ake ɗaure fayil duk sun wuce ta, yanzu ita ke miƙewa ta gaishe su. Ga ritaya ta ƙarato, fansho kuwa da matakin da mutum ya fita da shi ake yanka masa. Don haka da aka liƙa sanarwar jarrabawar ƙarin girma, ta dawo gida da fuskar mai shirin yaƙi. Ta ce wannan ce ta ƙarshe da za ta iya shiga, in ta kuɓuce mata shi ke nan.

Aikin ofis bai dame ta ba, wannan ko daga barci aka tashe ta za ta amsa. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne takardar da suke kira al'amuran yau da kullum da manufofin ci gaban ƙasa. Ta sayo wani ɗan littafin tambaya da amsa a bakin ƙofar ma'aikatarsu, ta miƙo mini, ta naɗa ni malamin jarrabawa ba tare da ta nemi shawarata ba. Kullum bayan la'asar sai mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ina karanta tambaya, tana amsawa da ka.

A nan na gano ashe ƙasa biyu muke da su. Akwai wadda muke ciki, akwai ta cikin littafin, kuma wallahi ta cikin littafin ta fi daɗin zama. A can kowane gida da ruwan famfo, kowane asibiti da magani, matasa har gudun aiki suke yi don ya yi musu yawa. Duk wannan alheri kuwa ya samu ne albarkacin wani babban tsari mai suna Shirin Tashi Mu Tafi, wanda aka ce yana tsaye kan ginshiƙai biyar.

Ranar farko na tambaye ta wane ginshiƙi ne ya kai ruwa kowane gida. Ta ce na biyu. Na waiwaya na dubi famfon gidanmu, wanda gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa har ya yi 'ya'ya ya aurar. Na ce mata watakila ginshiƙin ya karye kafin ya iso unguwarmu. Ko murmushi ba ta yi ba.

"Malam, ba abin da na gani za a tambaye ni ba, abin da aka ce za a tambaye ni. Karanta ta gaba."

Na karanta ta gaba. Kan wutar lantarki ce, amsar kuma ita ce an samu wadata. Maƙwabcinmu tela, wanda ya lulluɓe kekensa mai amfani da wuta da tsohon zane ya koma mai taka ƙafa, ya jiyo mu ta kan katanga. Ya roƙa a ara masa littafin na ɗan lokaci, zai jona dutsen guga a jikinsa, yana da kayan mutane da zai goge. Tun daga ranar ya zama ɗan ajinmu. Ni in karanta tambaya, maman yara ta ba da amsar littafi, tela ya jefo tasa ta kan katanga, ni kuma in rufe da sharhi. Kun san halina, in na fara ba na jin birki. In yi maganar ayarin motoci, in yi ta ayyukan da ake buɗewa kafin a fara su, in yi ta allunan da suka fi ayyukan girma. Ita dai ta rufe ido tana motsa leɓe tana bitar ginshiƙanta. Na ɗauka ba ta ma jina.

Shekaranjiya na wuni a layin mai don in samu abin da zan kai ta. A can ma na ƙaru da ilimi, don na ga yadda motocin manya ke shiga ta ƙofar fita, mu kuma muna gyara musu hanya muna yi musu barka da zuwa. Jiya da safe muka hau babur, ta sha kwalliya da sabon mayafi, littafin yana hammata. An yi ruwa kafin gari ya waye, hanya duk ta cika. Da muka hau babban titin nan da aka yanke masa ƙyallen buɗewa har sau biyu, sai ta ce in yi mata tambaya ɗaya ta bankwana. Na ce ta kawo aiki ɗaya da aka kammala a ƙarƙashin shirin. Ta ce ai ga shi muna kai. Ba ta rufe baki ba tayar gaba ta nutse cikin wani rami da ruwa ya ɓoye, na yi gabas, ta yi yamma, babur ya kwanta a tsakiya yana kuka.

Da ta miƙe, littafin ta fara dubawa, sannan biro, sannan katin shaidar aiki, daga nan ta tambaye ni ko na ji ciwo. Ban ga laifinta ba, ni ba a jarrabawa da ni. Wani bakanike da rumfarsa ke daidai bakin ramin ya zo ya ɗaga mu, da ganin yadda ya yi abin ka san ya saba. Ya ce mu ne na farko a yau amma ba mu ne na ƙarshe ba. Ya ƙara da cewa da wannan ramin yake ciyar da iyalinsa, kuma kullum yana yi wa waɗanda suka yi titin addu'ar alheri. Kun ga ashe shirin ya samar da aikin yi, ni ne ban fahimta ba. Muka bar masa babur, muka tari motar haya, ita da taɓo har gwiwa, ni ina ɗingishi.

A wani zauren makaranta aka shirya jarrabawar. Muka tarar da ma'aikata cike, wasu da furfura, wasu da goyo, kowa da irin littafin nan a hannu. An ce da sassafe za a fara, amma ba a raba takarda sai Mai Girma Babban Baƙo, Jagoran Tafiya, Katangar Ci Gaba, Allah ya ƙara masa lafiya da motoci, ya zo ya sa albarka. Aka jira har rana ta take tsaka. Da ya iso, sai da ayarinsa ya cika filin ƙwallon makarantar. Ni ina leƙe ta taga. Ya fara jawabi da jan kunnen ma'aikata kan zuwa aiki a kan lokaci, aka tafa. Daga nan ya ce yana da albishir. Shirin Tashi Mu Tafi ya cim ma dukkan burinsa, don haka daga wannan rana an maye gurbinsa da sabon tsari mai suna Shirin Mun Kusa Isa, ginshiƙansa kuma tara ne.

'Yan rakiyarsa ne kaɗai suka tafa. Na hango maman yara ta dafe kai. Mutanen nan sun yi makonni suna haddar biyar, ga shi an ƙaro huɗu ana saura ƙiris a raba takarda, ba a ma faɗi sunayensu ba. An sayar da kare an sayi biri, tsugune ba ta ƙare ba. Bayan Mai Girma ya fita da jiniyarsa, wani dattijo mai farin gemu ya ɗaga hannu cikin ladabi ya tambayi mai sa ido kan jarrabawar wanne za su rubuta, tsohon ko sabon. Mai sa ido ya ɗan yi tunani.

"Baba, ku rubuta tsohon. Takardar tambaya ba ta ji jawabin ba."

Aka kore mu daga bakin taga, na koma gindin bishiya ina lallashin gwiwata. Da aka tashi, maman yara ta fito tana murmushi, irin wanda rabon da in gan shi tun ranar da babbar 'yarmu ta gama makaranta. Ta ce duk abin da muka yi bita ya fito, ta zuba musu shi yadda yake a littafi. Tambayar ƙarshe ce kawai ba ta cikin littafin. An ce kowa ya ba gwamnati shawara kan yadda za a hanzarta ci gaban ƙasa.

Na tambaye ta me ta rubuta. Ta ce da fari kanta ya ɗaure, sai kawai ta ji muryata a kunnenta. Ta rubuta cewa a rage motocin ayari a cike ramuka. A daina canza wa shiri suna, a gama ɗaya tukuna. Kada a ƙara yanke ƙyalle sai ruwa ya zubo daga famfo a gaban jama'a. Duk wanda ya buɗe titi, a ɗora shi kan babur ya bi ta kai bayan an yi ruwan sama. Ta ce har takarda ta ƙara karɓa, kuma ta rufe da karin maganar da na fi so, wato tusa ba ta hura wuta.

Jama'a, nan take na manta da gwiwa. Ni in na yi nawa surutun, a wannan ɗan shafin jarida nake yi, manya ba sa karantawa, masu shago ke ƙunshe kaya da shi. Ita kuwa sunanta da lambar aikinta suna saman takarda ɓaro-ɓaro. Baki shi ke yanka wuya, amma ban taɓa jin inda bakin miji ya yanka fanshon matarsa ba sai a gidana.

Muna tsaye sai ga wata abokiyar aikinta, wadda suke kira Gidan Rediyo saboda ba abin da ke faruwa a ma'aikatar bai biyo ta wurinta ba. Da ta ji abin da ya tayar mini da hankali, ta yi dariya ta ce in kwantar da hankalina. Takardun jarrabawar da ta wuce ma suna nan a sito ɗaure da igiya, gara ce ke duba su, kuma ta kusa gamawa. Ni na ji sanyi. Da na dubi maman yara sai na ga murmushin ya tafi. Ta daɗe tana kallon busasshen taɓon da ke jikin mayafinta.

"Shekara da shekaru ina buga maganar wasu, ko waƙafi ban taɓa canzawa ba," in ji ta. "Yau dai na rubuta tawa. Kuma kada ka ɗauka duk taka ce, Malam. Rabi kawai na ara."

Ta kama hannuna muka tsallaka titi, ita ke jan gurgu.

Yanzu ga ni a tsaka mai wuya. In ba su karanta ba, wahalarta ta tashi a banza. In sun karanta duka, Allah kaɗai ya san ƙauyen da za a tura ta ta ƙarasa aikinta. Don haka ku taya ni da addu'a, amma ku yi ta daidai yadda zan faɗa: Allah ya sa masu girma su duba takardar maman yara da idon rahama har zuwa tambaya ta kusa da ƙarshe, daga nan a kira su taron gaggawa. Na san wannan ɓangare na biyun ba zai yi wuyar karɓuwa ba.