Injin da Baba Ya Shafa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Baba ya zo ganin injina a Sharaɗa, ko da yake na sha roƙon Allah Ya mantar da ni.

Ban daɗe da fara aiki a sashen kwamfuta na wani kamfanin robobi ba aka ɗora min haɗa sabar, wato kwamfutar da za ta riƙe duk bayanan kamfanin. Ta haya ce, tana can wata ƙasa, ba mai ganinta balle ya taɓa ta. Baƙin allo kawai za ka buɗe a laftof, ka riƙa rubuta mata umarni layi-layi: ka zaɓi girmanta, ka sa mata makulli, ka ce ta tashi. Amma da na koma gida sai bakina (wanda kullum yake riga hankalina fita) ya ce, "Baba, ni aka ba wa haɗa sabon injin kamfani."

Baba kuwa a masana'antar fata ta Challawa ya ƙarar da ƙuruciyarsa, har ƙirjinsa ya lalace, idonsa ma ya yi rauni. A wurinsu, in an kafa sabon inji sai dattijo ya ɗora hannu a kai ya yi addu'a kafin a kunna. Nan take ya ce zai zo ya sa albarka. Na ɗauka faɗa ce kawai, don ya daɗe bai wuce masallacin ƙofar gida ba.

Ranar da na tashi sabar, ina cikin duba ko ta karɓi makullina, sai ga mai gadi ya rako shi, da babbar rigarsa ta Sallah, yana haki saboda hawan bene. Ya gaisa da kowa a ofis, sannan ya ce, "To, ina injin namu?"

Na dubi baƙin allona, na dubi farin cikin da ke fuskarsa, sai na kasa faɗa masa gaskiya. Na kama hannunsa na kai shi lungu, gaban wata tsohuwar sitabilaiza ta daidaita wutar lantarki, mai girman firiji (wadda ta mutu tun kafin a ɗauke ni aiki), na ce, "Ga shi nan, Baba."

Ya shafa ta a hankali, ya yi doguwar addu'a, abokan aikina suna ta amin suna kallon silin. Da ya shafa fatiha ya ce, "Ikon Allah, ko ƙara ba ya yi. Namu sai da suka kurumtar da mu."

Bai rufe baki ba Tasi'u mai kula da sito ya shigo, da ɗan gwangwan mai sayen tsofaffin ƙarafa a bayansa. "Sannunku Baba, ku ɗan matsa. Mushen nan za a fitar, yau aka ce a rabu da shi."

Baba ya janye hannunsa. Bai dube ni ba, ya dai ce musu, "Ku ɗauka a hankali, da nauyi." Da a ce zagina ya yi, da ya fi min sauƙi.

A adaidaita-sahu na yi masa bayanin komai, ina in'ina. Da na gama sai ya ce, "Kai ma ba ka taɓa ganinsa ba?"

Na ce a'a.

"To da ka faɗa min, ai da daga gida na yi addu'ar. Ita ma ba sai an taɓa ba take isa."

Daga ranar bai sake fita unguwa ba, kuma kafin damina ta wuce ya rasu. Na dai koyi cewa in ƙarya ta kama ka dole, ka fara tambayar mai sito ko an riga an sayar da ita. Abokan aiki har yau suna dariya in an tuna, ni ma ina taya su. Sai na koma kujerata nake tuna cewa ɗan numfashin da ya rage wa Baba, ni na sa ya ƙarar da shi a kan gwangwan.