Rasuwar Kawaja, Majigin Usta Bahjat

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ido ɗaya a buɗe, Usta Bahjat mai gidan gahawa na bakin kasuwar masu sabulu a Halab yana sanar da 'yan uwa, abokan arziki, da wanda ya san abin da ya aikata, rasuwar majiginsa Kawaja, ranar Alhamis bayan magariba.

Marigayin baƙo ne, a jirgin ruwa ya zo daga Faransa, amma bai taɓa ɗaga wa kowa hanci ba. Bebe ne tun haihuwa. Iyakar maganarsa taka-taka-taka, in Usta na juya masa mariƙi. Da 'yar maganar nan ya cika bango da gimbiyoyi, dodanni da mayu na tatsuniyoyin Turawa, har wanda ya shigo shan gahawa ɗaya sai ya sha uku. Sharaɗinsa ɗaya ne a duniya: kada a tsayar da mariƙi fitila na kunne, domin zaren fim in ya tsaya gaban wuta, kamawa yake yi.

Bai yi jinya ba, kuma wannan ne ya hana Usta sukuni. Ana tsakiyar kallo, maza na gaba, mata na baya cikin labule kusa da marigayin, mayya ta miƙa wa gimbiya kofin guba. Gida ya ɗauki ihun "Kar ki sha!" kamar kullum. Sai wani hannu ya fito daga duhu ya damƙe wuyan hannun Usta. Kawaja ya ce tak. Ya ce fuuu. Ko da aka kawo tulun ruwa, sai ƙauri.

An ce wa Usta ajali ne. Ya ce shi dai ajalin da ya riƙe shi yatsu biyar gare shi. Ya rantse gaban jama'a, ko wane ne, ba zai sake taka ƙofar gidansa ba.

Hajji Subhi mai ba da labari, wanda marigayin ya raba da kujerarsa da masu sauraronsa, shi ya fara zuwa gaisuwa, ya kuma fi kowa hawaye.

"Allah ya ba ka haƙuri, Usta. In bangon ya yi maka shiru da yawa, ni dai ina nan."

"Na ga kana nan, Hajji. Jiya fa, ina kake?"

Akwai kuma Nazmi, ƙanin matar Usta, da ya daɗe yana cewa a sayar da Kawaja a sayi garmaho.

"Haba Yaya! Wallahi hannuna biyu suna cikin kwanon nama."

"Biyun duka? Da me ka riƙe kwanon?"

Marigayin ya rasu ya bar farin zane a bango, gwangwanayen fim marayu, makaɗin garayar udu da bai san wa zai yi wa kiɗa ba, da benciyoyin da ba wanda ya sake zama a kansu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar. Za a ɗauki abin da wuta ta bari cikin akwatin da ya zo da shi, zuwa shagon Karnik maƙeri. Akwai gahawa ba sukari. Masu ta'aziyya za su shigo ɗaya bayan ɗaya, a rufe tagogi, kowa ya riƙe wuyan hannun Usta na dama, don riƙon nan bai manta shi ba.

Mahaifiyar Usta, Umm Bahjat, ba za ta samu halarta ba. Hannunta a naɗe yake tun Alhamis, ta ce murhu ne. Ta dai aiko a tambayi Usta ko yarinyar nan ta sha.