Yadda Za Ka Raba Goggo da Mangwaronta Kafin Layya

Kai mai son a ce ragonka ya fi na kowa ƙamshi a Birni, matso kusa. Ka bi matakan nan, na yi maka alkawari har mutanen Zango sai sun biyo hanci.

1. Zaɓen itace

Ka bar masu gashi da itacen kasuwa, su da abin kunyarsu. Naman banda na gaske hayaƙin itacen marmari yake so. Kuma ina mangwaron da ya kai na tsakar gidan Goggo Fanta, ƙanwar babanka? Eh, wanda marigayi mijinta ya dasa. Eh, a inuwarsa take wuni da matan unguwa, 'ya'yansa take kasawa a ƙofar gida. To sai me? Inuwa ake ci?

2. Dubiya

Ka fara zumunci tun layya na da nisa, don itace yana son lokacin bushewa. Ka je da goro, ka durƙusa, ka gaishe ta. Sai ka ɗaga kai sama, ka yi tsaki mai tsawo.

"Goggo, bishiyar nan lafiyarta kuwa?"

Za ta ce, "Ƙalau take, ɗan nan, bana har reshe ta karya don 'ya'ya."

Ka girgiza kai. "Ai alamar ke nan, Goggo. Haka suke yi in sun kusa."

3. Shaida

Ka kawo Dodo mai gatari a matsayin masani. Dodo bai taɓa ganin bishiya mai lafiya ba tunda uwarsa ta haife shi. Zai ƙwanƙwasa gindin, ya kara kunne, ya ce gara ta cinye cikin, damina na zuwa za ta faɗo kan ɗaki. Kai kuma ka yi salati da ƙarfi.

In ta ce, "To ina zan zauna da rana?" ka yi mata alkawarin bantilater, wato fanka. Kada ka saya. Ko ka saya, sai da kuran, wato wutar lantarki, yake juyawa.

4. Busarwa

Nan ne gwaninta take. In Dodo ya sare bishiyar, a faskara, a jera a kan duwatsu don kada gara ta gaskiya ta samu, a bar iska tana ratsawa. Ɗanyen itace hayaƙinsa ɗaci, ya baƙanta nama. Ka lulluɓe saman da tsohon kwano, ka kare shi daga zafin rana kada ya tsattsage. Wallahi itace ma yana buƙatar inuwa, abin tausayi.

A watannin nan kada ka bi ta layin Goggo. Matan da ke taruwa wurinta sun koma gindin dalbejiyar wani gida, ita ƙafa ba ta kai ta. Ganin haka yana rage wa mutum cin abinci.

5. Ranar layya

Ka baje ragon a kan sanduna, ka kafa gefen wuta, ka bar hayaƙi ya yi aikinsa har yamma. Duk wanda ya tambayi sirrin, ka ce gado ne. Ba ka yi ƙarya ba.

6. Rabon nama

Washegari ka kai wa Goggo nata da hannunka, kai ɗan albarka ne. Za ka same ta zaune kan kututturen, ita kaɗai, ta ɗora mayafi a ka saboda rana. Za ta buɗe kwanon, ta shinshina. Sannan ta rufe, ta miƙo maka.

"Kai wa Dodo, shi ya yi wahala. Ni dai na ga gindin nan da aka sare, fari tas, ko gara ɗaya babu. Baɗi kuma bishiyar wa za ta kamu da ciwo, ɗan nan?"

Ka karɓi kwanonka.

Hattara

Ni itace na koya maka busarwa. In naman ya tsaya maka a wuya, ko ka tsufa ka ga ɗan ƙaninka ya shigo da goro yana kallon sama, babu ruwana, kada a nemo ni.