Biyu Sau Uku

Ni aka wakilta in je Katagum nema wa ƙanena aure. Ana gobe tafiya gudawa ta kama ni. Babban wa kuwa ba ya tashi daga gaban surukai a guje yana neman buta.

Na je kemis ɗin Mista Bitrus a Azare. Ya miƙo min ƙwayoyi ya ce, "Biyu sau uku, Malam." Ni da na gama firamare, lissafi ne zai gagare ni? Biyu sau uku shida. Na haɗiye shida nan take, na ƙara biyu saboda hanya.

Gudawa ta tsaya. Komai ma ya tsaya. An ba mu mata, ni kuma na dawo ciki kamar ganga, sai gadon asibiti.

Tun daga nan Bitrus ya daina sayar min da magani sai matata Hajara ta je. Shekaru tana karɓo min tana dariya. Allah ya jiƙanta.

Bayan rasuwarta na je neman maganin ciwon kai. Ya yi min ta'aziyya har idonsa ya kawo ruwa, sannan ya ce, "Malam, je ka turo babba."